GISHIRI UKU MASU SUNA ƊAYA

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin Hausa in yi magana da 'yan'uwana masu shirin zama malaman kimiyya. Ba da daɗewa ba za mu bar kwaleji, a rarraba mu makarantu, wani Sabon Tasha, wani Kafanchan, wani Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, ko Kachiya. Ran da ka isa, Firinsipal zai miƙa maka makullin ɗakin gwaje-gwaje, ya ce, "Malam, ga kayanka." Daga ran nan duk abin da ke cikin kwalaben nan yana wuyanka, tare da idanu da rayukan yaran mutane. Ra'ayina shi ne, bai kamata a ba ɗalibin sashen kimiyya takardar shaidar malanta ba sai an tsai da shi gaban kwalabe, an jarraba shi, an ga ya san wadda za ya miƙa wa yaro da wadda za ya kulle. Zan kawo misali da gishiri uku kaɗai, don mu ga yadda suna ɗaya ya kan ruɗi mutum.

Kowa ya san tsamiya. Abin da ya ke sa kununta ya tsinka yawu wani asid ne da a ke kira tatarik. Akwai shi cikin 'ya'yan inabi kuma, har ma a jikin gangunan ruwan inabi Turawa suka fara samun gishirinsa, ya daskare kamar kanwa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Scheele, shi ya fara ware asid ɗin a shekarar 1769. In an haɗa shi da wani ƙarfe sai a sami gishiri, kowane irinsa kuwa sunan danginsu ɗaya, watau tatarat. Uku daga cikinsu su ne malami ya fi gamuwa da su. Dukansu farare ne, dukansu ba su da wari, dukansu suna narkewa a ruwa. Wanda ya zuba su a faranti uku ba zai iya rarrabe su da ido ba in an niƙa su.

Na farko shi ne wanda a ke kira kirim na tata. Asid ɗin ne da fotasiyam. Masu yin kek sun san shi, yana cikin waɗansu irin bekin hoda. Abinci ne in an sa ɗan kaɗan. Duk da haka wanda ya kwankwaɗi cokula da yawa, fotasiyam ya kan yi masa yawa a jini har ya rikita bugun zuciya, balle mai ciwon ƙoda.

Na biyu gishirin Roshel. Wani mai sayar da magani a garin La Roshel na ƙasar Faransa, Seignette, shi ya fara haɗa shi wajen 1675, ya riƙa sayarwa don maganin kumburin ciki, gama yana sa zawo. Fotasiyam ne da sodiyam. Shi kansa ba mugun abu ba ne, amma abokan tafiyarsa su ne abin tsoro. A makarantunmu ba a cika ganinsa shi kaɗai ba sai cikin ruwan Fehling, wanda wani Bajamushe mai wannan suna ya tsara a 1849 don gane sukari. Kwalba biyu ne. Ta farko, mai harafin A, shuɗin ruwa ne na gishirin jan ƙarfe. Ta biyu, mai harafin B, fara ce tas kamar ruwan sha, amma a kowace lita ɗaya a kan narka giram 346 na gishirin Roshel da giram 100 na soda, irin sodar nan mai ƙuna da mata su ke yin sabulu da ita. Aikin gishirin Roshel shi ne ya riƙe jan ƙarfen a narke kada soda ta kwantar da shi. In an haɗa biyun daidai wa daida, aka ɗiga zuma, aka dafa, sai shuɗin ya juye ja kamar jan bulo. Yara suna murna da wannan gwaji ƙwarai. To, amma abin da a ke tafasawa ɗin soda ce. In bututun gwaji ya yi tartsatsi, ɗigo ɗaya ya faɗa ido, soda tana cin ido ta shige ciki tun yaro bai gama kuka ba, ya kan kai ga makanta. In kuwa an haɗiye ta, tana ƙona maƙogwaro, bayan ya warke ya tsuke har abinci ya kasa wucewa. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna ganin haka ga yaran da suka sha ruwan soda a gidajen masu sabulu, suna tsammani ruwa ne.

Na uku shi ne tata emetik, ni kuwa zan kira shi gishirin amai, gama ma'anar sunan ke nan. A nan asid ɗin tsamiya ya haɗu da wani ƙarfe mai suna antimoni, ɗan'uwan asenik. Wannan guba ce sosai. Wanda ya ci, sai maƙogwaro ya yi zafi, ya yi ta amai da zawo kamar mai kwalara, jiki ya bushe, hanta ta taɓu, bugun zuciya ya rikice, ya kan kai ga mutuwa. Ƙurarsa tana cuta in an shaƙa, in ta daɗe a fata kuma tana fid da ƙuraje masu ruwa. A 1876 wani lauya a birnin Landan, Charles Bravo, ya sha shi, ya kwana uku yana shan azaba kafin ya rasu. An yi bincike mai tsawo, ba a hukunta kowa ba har yau.

Wani zai ce, to, me ya kawo irin wannan guba kusa da mutane? Tarihinsa yana da ban sha'awa, ya kuma shafe mu. A 1912 wani likita a Burazil, Vianna, ya warkar da wani mugun gyambo da shi. A 1918 kuma wani likita Bature, Christopherson, a asibitin Hartum ta ƙasar Sudan, ya nuna cewa allurarsa a jijiya tana kashe tsutsar tsargiya, watau ciwon nan na fitsarin jini da yara su ke ɗauka wajen wanka a rafi da kududdufi, inda katantanwa ta ke rainon tsutsar. Shekaru da yawa shi ne babban maganin tsargiya a Afirka. Likitocin dabbobi ma sun yi wa shanu allurarsa saboda sammore kafin a sami magunguna da suka fi shi. Amma magani ne mai wuya. Sai an yi allura wajen goma sha biyu, mai jinya yana tari, yana amai, gaɓoɓi suna ciwo, wani kuwa zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya.

Abin da ya faru a Masar ya isa wa'azi. Daga wajen 1950 har zuwa wajen 1980 gwamnatin ƙasar ta yi wa miliyoyin mutanen ƙauye wannan allura don ta kau da tsargiya. Niyya kyakkyawa ce. Amma mutane sun yi yawa, allurai kaɗan, ba a tsayawa a dafa su yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. Ta haka ciwon hanta mai harafin C ya bazu. Da aka yi ƙidaya a 2008, sai aka iske kusan mutum 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa da shi. Ƙasar ta kashe dukiya mai yawa daga baya kafin ta shawo kan abin. Ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, garaje da ƙarancin kaya suka sa su sakaci. Ku duba, su ne abubuwa biyun da ke jiran kowannenmu a makaranta: aji cike, kaya kaɗan, ƙararrawa tana shirin bugawa.

Allah ya kawo sauƙi, tun bayan 1970 aka gano wani ƙwayar magani a Jamus, farazikwantel, wanda a ke haɗiyewa. Shi a ke raba wa 'yan makaranta a ƙasarmu, a auna tsawon yaro da sanda a san ƙwaya nawa za a ba shi, malamai ma suna taimakawa wajen rabon. Gishirin amai ya bar asibiti. Inda ya ke da aiki yanzu shi ne manyan ɗakunan bincike, misali wajen auna fosfet cikin ruwa ko ƙasar noma, can kuwa ɗan mitsitsi a ke sawa, a hannun gwanaye. Sai dai tsofaffin littattafan kimiyya sun sa shi cikin kayan da ɗalibi zai gwada don ya gane antimoni. Saboda haka a tsohuwar makaranta, irin waɗanda Mishan ko Gwamnati suka gina tun da daɗewa a ƙasarmu ta kudancin Kaduna, ba abin mamaki ba ne a iske kwalbarsa a lungun kabad, wanda ya saye ta ya rasu tuntuni, ba wanda ya san ranar da aka buɗe ta.

Ga inda haɗarin ya ke. Takardar jikin kwalba ba ta daɗewa a ƙasarmu. Damina ta jiƙa ta, hunturu ya busar da ita, kyankyaso ya lashe ƙaron da aka manna ta da shi, gara ta ƙarasa sauran. Lokacin gwajin koyarwa na ga kwalabe a wata makaranta, waɗansu ba takarda sam, waɗansu rabin suna ya rage. In abin da ya rage shi ne kalmar tata kaɗai, wa zai gaya maka ko na kek ne, ko na Roshel, ko na amai? Malami mai garaje za ya ce ai duk ɗaya ne, ya ɗiba ya ba yara. Yaro mai ƙiriniya kuwa ya ga farin gari kamar sukari, ya lasa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Kwalba wofi kuɗi ce. Je ka kasuwar Sabon Tasha ko ta Kafanchan ka ga yadda a ke zuba manja, da man gyaɗa, da zuma cikin kwalabe iri iri. Mai shara da ya tsinci kyakkyawar kwalba a bolar makaranta ba shi da laifi in ya kai gida, gama ba wanda ya gaya masa abin da ta taɓa ɗauka. Laifin na malamin da ya jefar ne.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo, kashi huɗu.

Na ɗaya, a fid da gishirin amai daga makarantun sakandare gaba ɗaya. Ba shi da wani aiki da yaro zai yi da shi wanda ya kai haɗarinsa. Amma kada a zuba shi a masai, ko a lambatu, ko a binne shi bayan aji. Antimoni ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, wuta ba ta kashe shi, yana kashe kifi, yana iya bin ƙasa ya kai rijiya. Ba mu manta ba yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, daga ƙurar da ta shiga gidaje da ƙasa. Abin yi shi ne a toshe kwalbar, a sa ta cikin wani gwangwani, a kulle, a rubuta wa Ma'aikatar Ilimi da hukumar NAFDAC su faɗi inda za a kai. Haka za a yi da kowace kwalba marar suna. Kada a sansana ta, kada a ɗanɗana, kada a yi cinta.

Na biyu, in yara ne za su yi gwajin sukari da hannunsu, a ba su ruwan Benedict maimakon na Fehling. Wani Ba'amurke ya tsara shi wajen 1909. Babu sodar sabulu a cikinsa, da wata soda mai sauƙi a ke yinsa, kwalba ɗaya ce, ba ya saurin lalacewa, launin da ya ke bayarwa kuwa daidai da na wancan. Littattafan da mu ke koyarwa da su sun ambaci duka biyun. In ya zama dole a nuna na Fehling, malami ya yi da kansa, da tabarau na kariya a idonsa. A tsoma bututun gwaji cikin ruwan zafi maimakon a ɗora shi kan harshen wuta, bakinsa kuma ya dubi bango, kada ya dubi mutum. Kada a zuƙi ruwan da baki ta bututun awo ko da sau ɗaya. Wajen haɗawa, a riƙa zuba soda cikin ruwa kaɗan kaɗan, gama tana ɗaukar zafi. A toshe kwalbar da murfin roba, don soda ta kan like murfin gilas, mai ƙoƙarin buɗewa da ƙarfi kuwa shi ya kan fasa kwalba a hannunsa.

Na uku, kowace kwalba ta sami cikakken suna, da ranar da aka haɗa, a lulluɓe takardar da salatif don kada ta ɓace. Sababbin kwalabe suna zuwa da alamun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga tun 2003, hoto baƙi cikin jan zane mai kusurwa huɗu: ƙoƙon kai da ƙasusuwa ga mai kisa, ruwa yana cin hannu ga mai ƙuna. Mu koya wa yara su tun aji ɗaya. Amma ina ƙara cewa a rubuta GUBA da jan alƙalami, da Hausa, manyan baƙaƙe. Mai shara, da mai gadi, da masinja ba lalle su karanta Turanci ba, su ne kuwa su ke shiga ɗakin bayan an tashi. Inda mutanen gari su ke jin Jju, ko Tyap, ko Hyam, ko Gbagyi fiye da Hausa, malami ya kira su ya yi musu bayani da harshensu. Kabad ɗin guba ya zama da makulli ɗaya da littafi ɗaya, duk wanda ya ɗiba ya rubuta.

Na huɗu, kowane malami ya haddace abin da za ya yi in tsautsayi ya auku. In soda ta shiga ido ko ta zuba a jiki, ruwa ne magani, mai yawa, a buɗe idon a yi ta zubawa har minti ashirin, sa'an nan a tafi asibiti. Don haka kada a fara gwaji sai da bokiti biyu cike a ɗaki, tun da famfo ba abin dogara ba ne. In an haɗiye ta, kada a sa yaro amai, gama za ta sāke ƙona hanyar da ta bi. Kada a ɗura masa manja kamar yadda aka saba a gidajenmu, kada kuma a ce za a kashe ta da lemun tsami. In gishirin amai ne, kada a zauna jiran amai ya fid da shi. A garzaya Babban Asibiti, na Sabon Tasha ko na Kafanchan ko wanda ya fi kusa, a tafi da kwalbar a hannu don likita ya ga sunan da idonsa.

Na san akwai masu ja da wannan magana. Waɗansu za su ce babu kuɗi. Gaskiya ne makarantunmu suna fama, wata ma ba ta da ɗakin gwaji sam. Amma ku lissafa abin da na roƙa: kwaɗo ɗaya, littafi ɗaya, jan alƙalami, salatif, bokiti biyu. Tabarau ne kaɗai mai ɗan tsada, ko guda biyar aka saya yara su yi karɓa-karɓa. Duka ba su kai kuɗin jinyar ido ɗaya ba.

Waɗansu kuma za su ce in mun cika maganar haɗari yara za su ji tsoron kimiyya, malamai su kulle ɗaki su koma rubutu a allo. Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, gama mun san makarantun da yaro zai gama bai taɓa riƙe bututun gwaji ba sai ran jarrabawa. Ni dai a ganina rashin sani shi ya ke sa malami kulle ɗaki. Wanda bai san kwalabensa ba yana tsoronsu duka. Wanda ya sani ya kan ware biyu ko uku ya kulle, sauran ya sakar wa yara su yi aiki. Maƙeri ba ya hana ɗansa zuwa maƙera don akwai wuta, ya kan nuna masa gefen ƙarfen da a ke kamawa. Har ma da tsamiya, da toka, da zoɓo malami zai iya koyar da asid da kishiyarsa, ba tare da ya taɓa kabad ɗin guba ba.

Akwai kuma mai cewa ai wannan aikin ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Makaranta nawa ke da shi a ƙauyukanmu? In babu shi, kai ne shi. In ma akwai, kai ne a gaban aji, kai ne kuma za ka tsaya gaban uwar yaron.

Saboda haka ina roƙon shugabannin kwalejinmu su sa wannan cikin jarrabawar ƙarshe. A jera kwalabe goma a tebur, a kira ɗalibi, ya karanta kowace, ya faɗi haɗarinta, da inda za a ajiye ta, da abin da za a yi in ta zube. Wanda ya kasa ya sāke, kamar yadda a ke sāke kowane darasi. Mu kuma 'yan'uwa, kada mu jira a tilasta mu. Makon farko da aka ba ka makulli, kafin ka rubuta ko kalma ɗaya a allo, buɗe kabad, ka ƙidaya, ka rubuta, ka kulle abin kullewa. Iyaye sun ba mu amanar yaransu da idanu biyu biyu, haka ya kamata mu mayar musu da su.

Iyakar maganata ke nan. Ubangiji ya kiyaye mu, ya kiyaye yaran da za a danƙa mana.

Naku,
Ɗalibi, Aji na Uku, Sashen Kimiyya